'Yar Mahauci da Mai Naman Wake

Ranar da Siriri ya fara ganinta, yana tsaye ne a bakin wani babban kanti da faranti a hannu, yana roƙon mutane su ɗanɗana abin da ba su ce suna so ba.

Wata huɗu ke nan da shi da yayarsa suka fara haɗa nama da waken suya da garin alkama, a wani ɗaki da suka kama bayan garejin motoci. Yaya ke kula da inji, shi ke fita talla, don ƙafarsa ba ta san zama ba. Tun yana aji uku ya bar makaranta. Ya yi gyaran waya, ya yi lodin kaya, ya yi kai saƙo a babur, babu wanda ya shekara a ciki. Wannan ce sana'ar farko da yake tsoron ta mutu.

Sai ga wata yarinya ta tsaya, da ledar magani a hannu. Ta ɗauki yanka ɗaya, amma ba ta kai baki ba. Ta yage shi da yatsu, ta leƙa cikinsa, sannan ta tauna a hankali.

"Malam, ka taɓa cin soson wanka?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"To ni yau na ci."

Siriri ya ji kamar ya nutse, amma dariya ta ƙwace masa. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Nama yana da zare," in ji ta. "In ka yage shi, a tsaye yake yagewa, ba ya marmashewa kamar burodin jiya. Kitse kuma yana da wurin zamansa, ba a barbaɗa shi ko'ina."

"A wace makaranta aka koya miki wannan?"

"A kan katakon babana. Mahauci ne."

Siriri ya ja farantinsa baya. Ko sati ba a yi ba da mahautan layin kasuwa suka kore shi da farantinsa, ɗaya har da ɗaga masa wuƙa, wai da wasa. Ya waiga hagu da dama kamar uban na bayanta.

"Ba ni ƙunshi biyu," ta ce.

"Kin fa ce soso ne."

"Na ce. Ba ni biyu."

Ta karɓa ta tura can ƙasan ledar maganin, ta duba hanya sau biyu kafin ta tafi. Lambar wayarsa tana jikin ƙunshin. Kwana uku yana duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti.

A rana ta huɗu saƙo ya shigo.

"Mai naman ƙarya, in aka daɗe ana dafa shi narkewa yake yi. Ka rage ruwa, ka ja ƙullin ta gefe ɗaya kawai."

Ya daɗe yana haɗa amsa, don rubutu ba ya masa sauri.

"Na ji na bi, Alƙaliyata. Amma ki zo ki nuna mana, don Allah. Yayata tana nan kullum."

Haka Auta ta fara zuwa. Auta ake ce mata, don ita ce ƙarama a gidansu, kuma ita kaɗai ta rage tare da uban tun rasuwar mahaifiyarta. Takan zo da la'asar in ta rufe littafin odar shagon, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta tsaya gaban tebur ita da Yaya suna jan ƙulli, suna ninkewa, suna sake ja. Siriri yana gefe da biro yana ƙoƙarin rubuta abin da take faɗa. Kafin ya gama layi ɗaya ta wuce biyar.

Ran nan ya ajiye biron. "Alƙaliyata, ki bar ni in riƙa ɗaukar bidiyo. In kin tafi in kalla in tuna."

Ta dube shi da kyau. "Ka san ko ni 'yar wa ce."

"Na sani."

"Ka rantse ba zai fita daga wayar nan ba."

Ya rantse. Ya jingine wayar a jikin buhun wake, daga ranar kuma kullum tana nan tana ɗauka, har suka daina tunawa da ita.

A cikin sati na uku ne Yaya ta tambaye ta abin da Siriri ya kasa tambaya.

"Ƙanwata, wai ke da nama ya yi wa yawa a gida, me kike yi da namu?"

Auta ta tsaya, hannunta cikin ƙulli.

"Likita ya hana Baba cin nama. Zuciyarsa ce. Ya ce in bai bari ba, ba a san abin da zai faru ba. Shi kuma Baba in babu nama a kwano ba ya cin abinci, sai ya ture ya tashi. Shi ne nake saka masa wannan a miya, ina ce masa wani marar kitse ne likita ya yarda da shi." Hawaye ya zubo mata. "Babu wanda ya sani a layin. Ya ce gara ya mutu da a ce mahauci ya kasa cin nama. Ni kuma kullum da safe sai na tsaya a ƙofar ɗakinsa na ji motsinsa kafin in iya ɗora ruwa. Shi kaɗai gare ni, Yaya."

Yaya ta rungume ta da hannu duk gari. Siriri ya juya baya yana goge injin da babu abin da ya same shi. A ranar ya san ba wai son yarinyar nan yake kawai ba, aurenta zai yi ko ya rasa hankalinsa.

Naman ya gyaru. Ya fara yagewa a tsaye, ya daina narkewa a tukunya. Ƙananan gidajen abinci biyu suka fara karɓa, mabiya shafinsu na intanet suka ƙaru. Saƙonnin Siriri da Auta kuma suka daina zama na ƙulli.

"Yau ba ki zo ba, injin ma ya ƙi tashi."

"Ƙarya kake, mai naman ƙarya. Yaya ta ce lafiyarsa lau."

"To ni ne na ƙi tashi."

"Allah ya shirye ka. Ka ci abinci?"

"In kin ce in ci."

"Ka ci, Siririna, kada iska ta ɗauke mini kai."

Ya karanta wannan saƙon ya fi sau ashirin.

Da maganar ta yi ƙarfi, Siriri ya tura kawunsa wajen mahaucin. Kawu bai yi minti goma ba ya dawo yana share gumi.

"Ɗana, mutumin nan ko wuƙar hannunsa bai ajiye ba. Ya ce 'yarsa ba za ta auri wanda ke sayar wa mutane wake da sunan nama ba. Ya ce kuma akwai wanda ya riga ka magana."

Siriri ya san wanda ake nufi. Mai Firiji ne, mai babban ɗakin sanyi a ƙarshen layi, inda mahauta ke ajiye nama, inda su Siriri ma ke ajiye nasu kayan a wani lungu. Mutum ne mai fara'a da turare, kullum da makullai a hannu. Auta ta taɓa cewa in ya yi mata murmushi sai ta ji sanyin ɗakinsa a bayanta.

"Ka yi haƙuri," ta rubuto masa. "Baba yana da zafi amma ba ya da mugunta. Ni dai na faɗa masa ba na son wancan. Ka ba ni lokaci."

Lokacin ne ba su samu ba.

Wayar Siriri tsohuwa ce, kullum kuka take ta cika. Yana da wata dabara da ya daɗe yana yi: duk abin da ba ya so ya ɓace, sai ya tura shi wani rukunin hira da ya buɗe tun farkon sana'ar, ya sa masa suna "Aiki", sannan ya goge daga wayar. A ransa, shi da Yaya ne kaɗai a ciki. Ya manta cewa a satin da suka fara ajiya, shi da hannunsa ya saka Mai Firiji don a riƙa sanar da shi lokacin kawo kaya. Mutumin bai taɓa cewa uffan a rukunin ba. Wata ranar Laraba wayar ta cika, Siriri ya zaɓi bidiyon Auta guda goma sha ɗaya ya tura, ya ci gaba da ɗaure kaya yana fito.

Da safiyar Asabar yana kan babur wayar ta fara rawa a aljihunsa, ta ƙi tsayawa. Ya faka ya duba. Oda ce ke shigowa, daga mutanen da bai taɓa ji ba. Ya yi murna ta kusan minti ɗaya. Sai ya ga wani ya rubuta: "Ku ne masu naman da mahaucin nan ke ci?"

Ya taɓa abin da aka turo. Fuskar Auta ta cika wayar, hannunta cikin ƙulli, hawaye a kumatunta. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: MAHAUCIN DA BA YA IYA CIN NAMA, 'YARSA NA BA SHI WAKE A ƁOYE.

Ya zauna a gefen titi, babur ɗin ya faɗi bai ko waiga ba. Mutum dubu nawa suka kalla, ya kasa karanta adadin don idonsa ya yi duhu. A ƙasa ana ta sharhi. Masu dariya, masu tausayi, masu tambayar lambar yarinyar, masu faɗin abin da ba ya faɗuwa a kan fuskarta. Wani har ya sa hoton ƙofar shagon babanta.

Ya kira ta, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira har sau tara. Sai saƙo ɗaya ya shigo.

"Ka rantse mini. Ashe talla kake nema. Allah ya ba ka kasuwa."

Ya kira ya ji wayar a kashe.

Yaya ce ta gano ta inda aka shiga. Ta buɗe rukunin ta nuna masa jerin mutanen ciki. Su uku ne. Siriri ya tsaya yana kallon suna na ukun: Mai Firiji.

Ya tarar da Mai Firiji a bakin ɗakin sanyinsa yana kaɗa makullai.

"Me ya sa ka yi mata haka?"

"Ni?" Mutumin ya yi murmushi. "Na ɗauki hoton wani? Na shiga ɗakinku? Ina zaune ka turo mini, abokina. Na nuna wa mutum biyu, su kuma ban san wa suka nuna wa ba. Af, kuma ku kwashe kayanku yau, ina bukatar lungun."

Siriri ya so ya shaƙe shi, amma hannunsa ya ƙi ɗagawa. Abin da ya fi ƙona shi, rabin maganar gaskiya ce.

Da rana wata mata mai manyan gidajen abinci, wadda suka yi wata biyu suna bi ba ta ba su fuska ba, ta turo saƙo.

"Na ga bidiyonku. Wannan shi ne tallan da kuɗi ba ya saye. Ku ba ni izini in sa shi a shafinmu, ni kuma duk rassana za su riƙa karɓar kayanku har shekara biyu. Ku zo Litinin mu sa hannu."

Yaya ta karanta ta zauna a kan buhu. Wannan ce ƙofar da suka daɗe suna ƙwanƙwasawa.

"Ƙanena," ta ce a hankali, "abin ya riga ya fita. Ko mun ƙi, ko mun yarda, yana wayar kowa."

"Na sani, Yaya."

"Ba mu da firiji daga yau. In wannan ta wuce mu, ban san ko za mu kai ƙarshen wata ba."

"Na sani. Amma kukanta ne, Yaya. Kukanta za mu sayar."

Yaya ta miƙa masa wayar. "Rubuta mata da kanka."

Ya rubuta: "Mun gode Hajiya. Bidiyon ba na sayarwa ba ne. Kuskurena ne ya fitar da shi." Bayan nan ya shiga shafinsu, wanda ya yi wata bakwai yana tara wa mabiya ɗaya bayan ɗaya, ya rufe shi gaba ɗaya don odar ta daina shigowa.

Kwana uku ya yi yana bin shafukan da suka sa bidiyon, yana roƙonsu ɗaya-ɗaya. Wasu suka cire. Wasu suka yi masa dariya. Duk inda ya kashe ɗaya sai biyu su fito. Abinci ya daina wuce masa. Duk ƙarar waya sai gabansa ya yanke ya faɗi, don abu ɗaya ke ransa: mutumin nan zuciyarsa ba lafiya. In ya ga bidiyon ya faɗi fa? In aka kira aka ce an kai shi asibiti? In Auta ta tsaya a ƙofar ɗaki da safe ba ta ji motsi ba? Wa ya kashe shi?

A rana ta huɗu ya ga in ya ƙara kwana a haka haukacewa zai yi. Ya yi wanka, ya sa rigarsa mafi kyau, ya nufi layin mahauta da hantsi, lokacin da layin ya fi cika.

Tun daga bakin layi aka gane shi. Saran ƙashi ya riƙa tsayawa shago bayan shago.

"Ga surukin wake nan!" wani ya yi ihu. Aka fashe da dariya.

Shagon Baba na tsakiya. Yana tsaye bayan katako, babban mutum mai furfura, yana fere kitse daga cinya. Ya rame fiye da yadda Siriri ya zata. Bai ɗago ba.

Siriri ya durƙusa a kan simintin da ke jiƙe.

"Baba, ni ne. Ni na ɗauki bidiyon, ni na tura shi inda bai kamata ba. Ita ba ta san komai ba, ta ma sa na rantse. Duk abin da za ka yi, ni za ka yi wa."

Wuƙar ta ci gaba da tafiya. Sai da Baba ya gama da cinyar, ya rataye ta, ya goge wuƙar a jikin tsumma, sannan ya nuna ƙofar baya da ita.

"Shiga."

Ɗakin baya ƙarami ne, da benci ɗaya da ma'auni da ƙugiyoyi a jere. Baba ya turo ƙofar ya rufe. Wuƙar tana hannunsa har yanzu. Siriri ya manne da bango.

"Zauna, kada ka faɗo mini a ka." Baba ya ajiye wuƙar a kan ma'auni, ya zauna yana numfashi da ƙyar. "Kai yaro, shekara nawa kake ganin na yi a sana'ar nan?"

"Ban sani ba, Baba."

"Talatin da shida. In ka rufe mini ido ka sa mini tsoka a hannu, zan faɗa maka daga wane gefen dabba ta fito. Kana zaton za a zuba mini wake a miya in kasa ganewa? Tun lomar farko na sani."

Siriri ya ɗago da sauri.

"Na farkon nan ma, Allah ya isa tsakanina da kai," in ji Baba. "Na haɗiye ne kawai don na ga tana leƙena ta gefen ido. Na ce bari in bar ta ta ɗauka ta yi mini wayo, in hakan zai kwantar mata da hankali."

Ya dubi hannayensa.

"Dariyar 'yan layi ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma kwana biyu aka yi, uku daga cikinsu suka zo nan ɗakin a ɓoye, kowa na tambayata sunan likitan. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Ba wannan ke hana ni barci ba." Muryarsa ta canza. "Fuskar 'yata ce a wayar kowane ɗan iska. Ta kwana huɗu ba ta leƙa waje ba. Kuma ni ubanta, muna gida ɗaya, sai a wayar wani na ji cewa kullum tana tsayawa a ƙofata ta ji ko ina da rai. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Hawaye kawai ke bin fuskar Siriri.

"An ce wata mai kuɗi ta nemi bidiyon ka hana."

"Haka ne, Baba."

"An ce ka rufe shafinka."

"Haka ne."

"Shi kuwa wancan mai makullan, jiya ya zo yana mini jaje, yana cewa ga irin mutanen da take bi. Na tambaye shi wa ya fara nuna wa 'yan layi. Ya kasa kallona. Na kwashe namana daga ɗakinsa." Baba ya tashi ya ɗauki wuƙarsa. "Kai wawa ne, amma ka zo da ƙafarka. Ni ban yafe ba tukuna, kuma ba ni ka fi yi wa laifi ba. Ka zo gida gobe da la'asar da yayarka. In ta ce ba ta son ganinka, kada in ƙara ganin ko inuwarka a layin nan."

Washegari suka je. Auta ta fito falo ta zauna nesa da shi. Idanunta sun kumbura, ta ƙi kallonsa. Yaya ta yi bayanin rukunin da yadda aka yi, ta nuna mata saƙon Hajiya da amsar da aka ba ta. Auta ta karanta sau biyu.

"Na yarda ba talla ka yi ba," ta ce. "Amma ka san abin da nake ji? Ko taga na buɗe sai in ga kamar kowa ya san ni. Jiya wata ta turo wa ƙawata hotona ta ce ko ta san wannan mai kukan. Wannan ba zai goge ba, Siriri. Har 'ya'yana sai sun gani."

"Ba zan iya goge shi ba," ya ce. "Na gwada, wallahi na gwada. Ba ni da abin da zan ba ki sai in ce na yi kuskure, kuma ina jin tsoron rasa ki fiye da duk abin da na taɓa jin tsoro."

Ta miƙo hannu.

"Ba ni wayar."

Ya ba ta. Ta yi kusan awa tana bi lungu-lungu. Ta goge rukunin, ta cire daga sauran rukunoninsa mutanen da shi kansa bai san yadda aka yi suka shiga ba, ta rufe duk abin da ke buɗe. Tana yi tana tsaki.

"Kai da ka yi gyaran waya! Har inda kake kwana kowa na iya gani."

"Fuska nake canzawa da batir, Alƙaliyata. Cikin ban taɓa shiga ba."

Ta harare shi, amma gefen bakinta ya motsa. Ta tashi ta shiga ciki, ta dawo da sabon littafi da biro ta ajiye masa a cinya.

"Daga yau rubutu za ka yi. In na yi sauri ka ce in tsaya."

"Zan riƙa cewa ki tsaya sau ɗari."

"Zan tsaya sau ɗari."

Daga bayan labule aka ji gyaran murya. "To in an gama, a zo a ba ni abincina," in ji Baba. "Kuma a daina ce mini wai marar kitse ne."

Auta ta rufe baki da hannu, tana dariya tana kuka.

Ba a rana ɗaya komai ya daidaita ba. Su Siriri sun yi wata biyu suna haɗa kaɗan-kaɗan, iya abin da za a sayar a yini, don babu wurin ajiya. Auta ta daɗe kafin ta iya tafiya a titi ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Amma wata safiya Baba ya share gefe ɗaya na firijin shagonsa, ya aika a kawo ƙunshi ashirin, ya ce akwai tsofaffin kwastomominsa da likita ya hana su abin da ya hana shi. Sharaɗinsa ɗaya: a jikin ƙunshin a rubuta a fili cewa na wake ne, don shi ba ya yi wa mai saye ƙarya. Kafin azahar suka ƙare.

Da kawu ya koma karo na biyu, Baba ya ajiye wuƙa ya ba shi kujera.

Ranar auren, dangi da 'yan layi suka tarar da Baba zaune a bakin ƙofa da babban tire a gabansa. Duk wanda zai shiga sai ya ajiye wayarsa a ciki. Wata goggo ta ce ita ba ta rabuwa da tata.

"To ki tsaya nan ke da ita ku ji ƙamshi," in ji Baba.

Ta ajiye.

Da aka natsu, ya kira su biyun gabansa. Ya kama hannun 'yarsa ya daɗe bai saki ba.

"Yaro, ga ta nan. Abin da ta faɗa maka a ɗaki, ya tsaya a ɗaki. Ke kuma, 'yata, daga yau in kina tsoron wani abu a kaina, ki buga ƙofa ki shigo ki faɗa mini. Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai."

Ɗakin ya amsa da amin. Yaya tana share hawaye da gefen mayafi.

Auta ta matso kusa da mijinta ta yi ƙasa da murya. "Siririna, har yanzu rawa hannunka yake."

"Bar shi ya yi, matata. Wannan ta farin ciki ce."

Hoto ɗaya tak aka ɗauka a ranar. Mai hoto ya wanke shi a takarda, ya goge na cikin na'urarsa a gaban Baba. Yana rataye a ɗakinsu har yau, kuma babu mai ganinsa sai wanda suka ce wa ya shigo.